Tsakanin Hannu Da Hankali: Daga Ina Sanin Kewaye Da Girman Fili Yake Fitowa?

Kewaye da girman fili awo biyu ne da ake yi wa siffa ɗaya, kowanne da tambayar da yake amsawa. Kewaye shi ne tsawon iyakar wuri idan aka bi ta har aka dawo inda aka fara, wato igiyar da za ta zagaye gona ko shingen da lambu zai ci. Girman fili kuwa shi ne yawan shimfiɗar da ke cikin wannan iyaka, ana ƙirga ta da ƙananan murabba'ai masu girma ɗaya. Na farko da mita ake auna shi, na biyu da murabba'in mita. A makarantun firamare na ƙasashe da dama ana koyar da su ne ta hanyar ba yara abin da za su riƙe a hannu: tayil ko kwalin da aka yayyanka murabba'i-murabba'i, igiya, tsinken ashana, takarda mai gida-gida, da allon ƙusoshi da ake ɗaura wa roba. Dalilin malamai a bayyane yake. Yaron da aka ba ƙa'ida zalla yakan haddace ta, bayan mako biyu ya rasa wacce ce ta kewaye, wacce ce ta fili. Amma a ƙarƙashin wannan dabara ta aji akwai tambayar da masana falsafa suka shafe fiye da shekara dubu biyu suna kai-kawo a kanta. Idan yaro ya gane wata gaskiya ta lissafi bayan ya jera tayil, hannunsa ne ya ba shi sanin, ko hankalinsa ne ya riski abin da hannu ba ya iya kamawa?

Ba banza ba wannan tambaya ta fi fitowa a darasin kewaye da fili, domin a nan ne zaton farko da ke zo wa mutum yake cin karo da gaskiya. Kusan kowa, yaro da babba, yakan ɗauka cewa wurin da ya fi doguwar iyaka shi ya fi girma. Polibiyus, marubucin tarihi Bagirke na ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya lura cewa mutanen zamaninsa da kewayen gari suke kimanta girmansa. Ya kawo garuruwa biyu: kewayen Megalofolis 50 ne a ma'aunin tafiya na Girkawa, na Siparta 48, amma Siparta ta ninka Megalofolis girma, kuma jama'a sukan ji abin kamar ba zai yiwu ba. Proklus, wanda ya yi sharhin littafin lissafi na Yuklid a birnin Atina a ƙarni na 5 Miladiyya, labarin da ya bayar ya fi wannan ɗaci. Ya ce a wajen rabon ƙasa wasu masu wayo sukan karɓi yanki mai gajeriyar iyaka da yalwataccen ciki, su bar wa abokan rabonsu mai doguwar iyaka da ƙuntataccen ciki, su kwashi kaso mafi tsoka, a kuma riƙa yabonsu da riƙon gaskiya. Zamani bai warkar da wannan ruɗu ba. A littafin da ta wallafa a 1999, mai bincike Liping Ma ta kawo amsoshin da malaman firamare 23 na Amurka da 72 na ƙasar Sin suka bayar kan wata mas'ala: ɗaliba ce ta zo da murna, ta ce ta gano cewa duk lokacin da kewaye ya ƙaru fili ma yana ƙaruwa, ga misalinta a takarda. Malamai da dama sun kasa nuna inda maganar ta karye.

A nan ne kayan hannu suke yin aikinsu mafi girma. A ba yaro tayil 12, a ce ya jera su su yi siffa mai kusurwa huɗu. In ya yi layi ɗaya na 12, kewayen 26 ne. In ya yi layi biyu na shida-shida, 16. In layi uku ne na hurhuɗu, 14. Tayil ɗin suna nan 12 a gabansa, ba ƙari ba ragi, amma iyakar ta sauko daga 26 zuwa 14. Sai a juya gwajin. A ƙulla bakin igiya mai tsawon gida 24, a shimfiɗa ta a kan takarda mai gida-gida. Tsawo 11 da faɗi 1 gida 11 yake ci, 10 da 2 gida 20, 8 da 4 gida 32, 6 da 6 gida 36. Akwai kuma gwajin da ya fi sauran ratsa yara. A ɗaure karan dawa guda huɗu masu tsawo ɗaya a bakunansu su yi murabba'i, sannan a tura kusurwa ɗaya sannu a hankali. Siffar za ta karkace, cikinta ya yi ta tsukewa har ya kusa ɓacewa, alhali ko ɗan yatsa ba a rage daga tsawon karan ba. Wanda ya yi wannan da hannunsa, da wuya a sake cutarsa da doguwar iyaka. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a wannan gaɓa sun yi gaskiya.

Aikinsu na biyu ya fi ɓuya. Ƙa'idar ninka tsawo da faɗi, in aka dube ta a bushe, abin mamaki ce. Ta yaya awo biyu da aka yi da igiya za su haifi abin da ba tsawo ba? Amsar tana cikin jeri. Tsawon yana nuna yawan tayil a layi ɗaya, faɗin yana nuna yawan layukan, ninkawar kuma gajerar hanya ce ta ƙirga su duka. Yaron da bai taɓa rufe tebur da kwali ba, har ba giɓi ba hawa kan juna, bai san abin da ake ƙirgawa ba ko da ya ci jarabawa. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna nisan wannan tafiya. Ya ajiye wa yara koren kwali biyu masu girma ɗaya a matsayin makiyaya, kowanne da saniyar wasa, ya ɗora gidaje adadi ɗaya a kan kowanne, a ɗaya a cure wuri guda, a ɗaya a warwatse. Ƙananan yara sukan ce saniyar da aka cure wa gidaje ta fi samun ciyawa. Sai sun kai wajen shekara bakwai ko takwas suke tsayawa a kan cewa abin da aka ɗebe ɗaya ne, don haka abin da ya rage ma ɗaya ne.

Masu ganin cewa daga ji da gani da taɓawa sani yake tasowa suna da hujja mai ƙarfi a nan, kuma tsohuwa ce. Herodotus ya ce a Masar aka fara ilimin awon ƙasa, domin ambaliyar kogin Nilu takan cinye gefen gonaki, sai a sake aunawa a rage wa manomi haraji gwargwadon abin da ya rasa. Aristotal yana ganin rai ba ya tunani ba tare da wata sura a cikinsa ba. Aya ta 78 ta Suratun Nahli tana bayyana cewa ana haihuwar mutum bai san komai ba, kuma an ba shi ji da gani da zuciya, waɗanda malamai suka fahimta a matsayin ƙofofin sani. Ibn Sina ya fayyace matakan: ido ya ga abu da launinsa da girmansa, tunani ya riƙe surarsa bayan abin ya gushe, sannan hankali ya tuɓe duk abin da ba na asalinsa ba ya bar tsantsar ma'ana. Ibn Haldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ja kunnen malamai cewa mai farawa ba ya fahimta sai an kusanto masa da abu ta misalan da gaɓoɓinsa ke riska, an kuma bi da shi daki-daki. A Turai John Locke ya kare irin wannan ra'ayi a ƙarshen ƙarni na 17, daga baya masu gyaran tarbiyya suka shigo da kayan hannu cikin aji. Friedrich Froebel ya ba yara ƙananan katakai masu siffofi a makarantar da ya buɗe a Jamus a 1837, Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a Roma a 1907, Caleb Gattegno ya yaɗa allon ƙusoshi a shekarun 1950, Jerome Bruner kuma a shekarun 1960 ya tsara matakai uku, a fara da aikin hannu, a koma zane, a ƙare da alamomi.

Sai dai da hannu kaɗai ne malami, da ba a sami lissafi ba. Tayil ɗin da yaro yake riƙe da shi ba cikakken murabba'i ba ne, in aka ƙura masa ido za a ga gefensa bai miƙe sarai ba. Igiya tana da kauri, tana ƙara tsawo in aka ja ta, alhali layin da lissafi ke magana a kansa ba shi da kauri ko kaɗan. Babu mahaluƙin da ya taɓa ganin wannan layi, amma kowane ɗalibi ya san abin da ake nufi da shi. Sannan gwaji komai yawansa ƙidayayye ne. Yaro ya gwada siffofi huɗu da igiyarsa ya ga 6 da 6 ta fi. Bai gwada shida da rabi da biyar da rabi ba, ba zai kuma iya gwada duk abin da ke tsakani ba, domin ba shi da iyaka. Misali ɗaya ya isa ya rushe maganar da aka ce kullum haka take, amma misali dubu ba su isa su kafa ta ba. Ita ma ɗalibar mas'alar Liping Ma ai da misali ta zo, kuma misalinta daidai ne: 4 da 4 kewayensa 16, filinsa 16, 8 da 4 kewayensa 24, filinsa 32. Abin da ta gina a kansa ne ya rushe, domin 11 da 1 kewayensa 24 ne, ya fi na 4 da 4, amma filinsa 11 kacal.

Wani lokaci ma hannu da ido sukan haɗu su ba da shaidar zur. Akwai sanannen wasan yanka takarda da ake ɗaukar murabba'i mai 8 da 8, gida 64, a yanka shi kashi huɗu, a sake haɗa su su yi siffa mai tsawo 13 da faɗi 5, wato gida 65. Kowa ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, gida ɗaya ya fito daga babu. Gaskiyar ita ce yankunan ba su haɗu sosai ba. Akwai siririyar tsaga da ta ratsa siffar daga kusurwa zuwa kusurwa, filinta gida ɗaya cif, amma saboda tsawonta da sirantarta takan ɓuya a kaurin layin fensir. Abin da ke tona ta shi ne lissafin karkatar layukan, ɗaya yana hawa 3 a kowane 8, ɗayan 2 a kowane 5, kuma waɗannan ba ɗaya ba ne. Ɗalibin da ya ƙi yarda da 65 tun kafin ya gano tsagar ya nuna cewa akwai wani alƙali a cikinsa da ya fi ido ƙarfi. Wannan alƙalin ne Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi magana a kansa a littafinsa Al-Munƙiz, inda ya binciki abin da za a iya dogara da shi. Ya kawo inuwa, wadda ido yake ganinta a tsaye alhali tana tafiya, da tauraron da ido yake gani kamar ɗan kuɗin dinari alhali hujjar lissafi ta nuna ya fi duniya girma. A wurinsa, hankali ne yake ƙaryata gani a irin waɗannan wurare. Ya kuma yi gargaɗi mai zafi ga wanda zai musanta tabbatattun hujjojin lissafi da sunan kare addini, domin hakan cutar da addinin yake yi a idon wanda ya san hujjar.

Aflatun ne ya kai wannan ɓangare na masu fifita hankali ƙarshensa, kuma da darasin girman fili ya yi hakan. A tattaunawarsa mai suna Meno, malaminsa Sukurat ya kira wani yaro bawa da bai taɓa koyon lissafi ba, ya zana masa murabba'i mai ƙafa 2 a kowane gefe, filinsa 4, ya tambaye shi tsawon gefen da zai ba da ninkinsa, wato 8. Yaron ya amsa da gaba gaɗi cewa a ninka gefen ya zama 4. Aka zana, aka ƙirga, sai ga 16. Ya ce to a gwada 3, sai ga 9. Daga nan ya ce bai sani ba, Sukurat kuma ya ɗauki wannan a matsayin ci gaba, domin da yana zaton ya sani ne, yanzu ya san bai sani ba. Sai aka jera murabba'ai huɗu irin na farko, aka raba kowanne biyu da layin da ya tashi daga kusurwa zuwa kusurwa. Layukan huɗu suka haɗu suka yi sabon murabba'i a tsakiya, wanda ya ƙunshi rabi huɗu, wato biyu cikakku, filinsa 8. Yaron da kansa ya tabbatar. Abin lura shi ne da an ba shi rula ya yi ta awo har ya tsufa, ba zai sami amsar ba. Tsawon wannan gefe ya ɗan haura 2.8, amma ba cikakkiyar lamba ba ce, babu kuma wani kaso na lamba bisa lamba da zai faɗe shi daidai.

Aflatun ya kammala da cewa koyo tunawa ne, rai ya san waɗannan abubuwa tun kafin haihuwa. Ibn Sina bai karɓi wannan ba, domin a wurinsa ran kowane mutum tare da jikinsa yake samuwa, kuma ayar Suratun Nahli da aka ambata tana nuna mutum yana zuwa ne babu sani. Amma ƙin bayanin Aflatun bai kawar da abin da ya gani ba. Yaron bai karɓi amsar don girman mai tambaya ba, ya ga cewa dole haka take, kuma wannan dolen babu shi a cikin zanen. Haka nan akwai abin da masu bin Aflatun sukan tsallake: ba don zanen ba, da yaron bai ga komai ba, ba don kuma tambayoyin da aka jera masa ba, da ya yi ta kallon zanen a banza.

Babu inda wannan haɗuwa ta fito fili kamar a labarin da Abul Wafa Al-Buzjani ya bayar. An haife shi a Khurasan a 940, ya zauna a Bagadaza, ya kuma rubuta littafi kan abin da masu sana'ar hannu suke buƙata na ilimin handasa, wato lissafin siffofi. Ya ce ya halarci wani zama da ya haɗa masana handasa da masu sana'a, aka nemi a haɗa murabba'ai uku masu girma ɗaya su zama babban murabba'i guda. Masanin handasa nan take ya fitar da layin da zai zama gefen babban murabba'in, da hujjarsa, amma masu sana'a ba su gamsu ba, domin su abin da suke so shi ne a nuna musu inda za su yanka da yadda za su haɗa. Da suka kawo nasu hanyoyin, sai ga wasunsu suna da kyau a ido amma hujja ta nuna akwai ɗan kuskure a ciki. Abul Wafa bai raina kowane ɓangare ba. Ya kawo hanyar da ta cika sharaɗin duka biyun: a raba murabba'ai biyu daga kusurwa zuwa kusurwa a sami alwatika huɗu, a jingina su a gefuna huɗu na na ukun, a haɗa ƙololuwarsu da layuka, sai a ga abin da ya yi saura a waje daidai yake da giɓin da ke ciki, a yanke shi a cike. Aiki ne da mai almakashi zai iya yi, hujja ce kuma da masani ba zai iya ture ta ba. Wannan shi ne mizanin da ya kamata a auna kowane darasi na kayan hannu da shi.

Ana iya kai ɗan firamare wannan mataki da igiyarsa mai 24. A ɗauki siffa mai 8 da 4, a yanke gida biyu-biyu daga ƙarshen tsawonta, a juya yankin a ɗora shi a saman abin da ya rage. Abin da zai fito shi ne murabba'i mai 6 da 6 da ya rasa kusurwa ɗaya mai 2 da 2, shi ya sa 36 ta zama 32. A yi da 7 da 5, kusurwar da ta ɓace 1 da 1 ce. A yi da 10 da 2, ta zama 4 da 4. A wani lokaci cikin wannan aiki, ɗalibi yakan daina ƙirga, ya ce ai ko nawa aka ƙara wa tsawo aka rage wa faɗi, dole kusurwa ta ɓace, don haka babu mai kai murabba'i. Hannunsa sau uku ya yanka, amma hukuncin da ya yanke ya game siffofin da ba su ƙirguwa. Irin wannan cike kusurwa Al-Khawarizmi ya yi amfani da shi a littafinsa na aljabara a zamanin Halifa Ma'amun, inda ya warware mas'aloli ta hanyar cika murabba'in da bai cika ba. Immanuel Kant, a littafinsa da ya fara fitowa a 1781, ya tsaya a kan cewa sani yana farawa tare da abin da aka gani aka taɓa, amma ba dukkansa ne daga can yake ɓuɓɓugowa ba. Ko da ba a bi shi a duk bayaninsa ba, wannan rarrabewa ta dace da abin da ke faruwa a aji. Hannu ne yake kawo dalilin tambaya da kayan da za a yi tunani a kansu, tabbacin cewa dole haka ne kuwa aikin hankali ne.

Tazarar da ke tsakanin biyun takan yi tsawo ƙwarai. In aka saki igiyar nan ta zama da'ira, za ta ci gida kusan 46, fiye da kowace siffa. Magina sun daɗe suna cin moriyar wannan, zagayayyen ɗaki da rumbu sun fi mai kusurwa ɗaukar kaya in tsawon bangonsu ɗaya ne. Zenodorus Bagirke ya yi rubutu a kai tun kafin Miladiyya, amma cikakkiyar hujjar cewa babu siffar da za ta fi da'ira sai a ƙarni na 19 aka kammala ta.

Ga Musulmi wannan ilimi yana da nauyin da ya wuce na makaranta, domin haƙƙoƙin mutane suna rataye da shi. Al-Khawarizmi ya bayyana cewa ya rubuta littafinsa ne don buƙatar mutane a gado da wasiyya da rabo da shari'a da ciniki da awon ƙasa, ya kuma ware babi guda na awon fili. Gazali a Ihya'u ya lissafa ilimin lissafi cikin farillan da in wasu suka ɗauka sun ɗauke wa saura, saboda ana buƙatarsa a mu'amala da rabon gado. Alƙur'ani ya ƙayyade rabi da rubu'i da sumuni da sulusi biyu da sulusi da sudusi, amma ba a iya fitar da sumunin gona sai an san girmanta, kuma hadisi ingantacce ya yi tsattsauran gargaɗi kan cin ƙasar wani ko da taƙi ɗaya ne. Kuskure a nan yana da sauƙin shigowa. Akwai tsohuwar hanyar awo, wadda aka samu a rubuce a bangon wurin bauta na Edfu a Masar, ta ɗaukar matsakaicin gefuna biyu masu fuskantar juna a ninka da matsakaicin sauran biyun. In kusurwoyin gonar a tsaye suke, amsar daidai ce. In sun karkace, kullum amsar takan haura gaskiya, kuma gwajin karan dawa ya nuna dalili, tunda gefunan ba su sauya ba amma cikin ya tsuke. Wannan haɗari yana tattare da duk awon da ya tsaya ga bin iyaka, ko na igiya ne ko na ƙafa irin wanda malaman taki suka riƙa yi wa gonaki a Kano a farkon ƙarni na 20 don yanka haraji. Ko a birni, wanda ya raba fuloti mai ƙafa 100 da 50 gida biyu ta tsakiyar tsawonsa zai ga kowane rabi filinsa ya koma 2,500 daga 5,000, amma kewayensa daga 300 zuwa 200 kawai ya sauko, don haka bulon katanga ba zai ragu da rabi ba. Shi kansa girman fili ba shi ne ƙarshen adalci ba. Malaman Malikiyya sun ce da ƙima ake daidaita rabon ƙasa, domin kadada ɗaya ta fadama ba ɗaya take da kadada ɗaya ta jigawa ba.

Abin da wannan yake ɗora wa malamin aji a fili yake. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2013, wanda ya tattara sakamakon bincike 55, ya nuna cewa kayan hannu suna da amfani, amma amfanin bai kai yadda ake kururuta shi ba, kuma ya danganta da abubuwa irin su yawan jagorar da malami yake bayarwa. Zuba tayil a gaban yara a bar su bai isa ba, za su gina gidaje da motoci su tashi da ruɗun da suka zo da shi. Tsadar kayan ma ba ita ce ba, kwalin sukari da kara da zare suna yin aikin da na kanti suke yi. Abin da ke sa darasin ya kama shi ne a nemi kowane yaro ya faɗi zatonsa kafin ya taɓa komai, domin wanda bai yi zato ba babu abin da gwaji zai rushe masa. Bayan gwajin a tambaye shi dalili, a tambaye shi ko kullum haka ne, a kuma sa shi neman misalin da zai karya maganarsa da kansa. Daga nan sai a janye kayan da gangan. A fara da zanen da aka nuna layin tayil ɗaya kawai, a koma zanen da babu komai a cikinsa sai lambobin gefe, a ƙarshe a ba shi filin ƙwallon makaranta ko gona mai gefe biyar wadda dole ya yayyanka ta alwatika-alwatika a takarda kafin ya iya faɗin girmanta.